Hannun Hagu na Baba Ƙamus

Shekara ashirin da shida Baba Ƙamus ya yi yana ɗaukar gilashi a sito guda. Ba na tagar ɗaki ba, manyan nan da ake sa wa gaban kantuna, waɗanda sai mutum shida sun taru a kansu, uku ta nan uku ta can, kowa da safar roba, ana takawa kamar masu ɗauke da gawa.

Sunan ya same shi ne saboda wani ɗan littafi da ba ya barin aljihunsa. Daga aji huɗu aka cire shi a makaranta, abin kuma ya tsaya masa a rai har ya yi furfura. Duk kalmar Turancin da ya tsinta a jikin kwali sai ya kwafe, in ya koma gida 'yarsa ta duba masa ma'anarta a waya. Abokan aiki kan ce ranar da Bature ya manta yarensa, wajen Baba zai zo aro.

Bara hannunsa na hagu ya fara mutuwa. Yatsu uku suka daina jin zafi da sanyi, sai ka ga kofin shayi ya suɓuce masa yana kallo. Ba wanda ya ɗaga maganar. Dogo, mai ba da murya in za a ɗaga kaya, ya mayar da shi tsakiya kawai, inda na gaba da na baya ke iya shanye nauyin. Baba ya ɗora hannu ya taka tare da su, su biyar su ɗauka. Kowa ya san in aka sallame shi, ba inda za a karɓi ɗan shekara sittin mai mataccen hannu.

Ana nan sai babban ofis ya turo wata jami'a mai tabarau ta duba yadda ake aiki. Kwana uku tana bin su da biro. Ta ce ba ta taɓa ganin rukuni irin nasu ba, ta kuma faɗi wata kalma da Baba bai taɓa ji ba. Ya miƙa mata littafinsa, ta rubuta masa: cohesion. A gida 'yarsa ta ce, "Baba, wai yadda mutanen ƙungiya ke manne da juna daga ciki, har su zama kamar jiki ɗaya."

Daɗi ya kashe shi. Washegari ya tare matar a bakin sito, yana son ta san ya gane, kuma da Turanci. To, mai ɗokin nuna ilimi ba ya jin birki. Ya kwashe komai ya faɗa mata, har da ɗaga hannun yana nuna yatsun, yana alfahari da abokan aikinsa. Ta yi murmushi, ta rubuta.

Ba muguwa ba ce, ba ta sa sunansa a rahotonta ba. Yabo ta yi, ta ce tsabar haɗin kansu mutum biyar ke yin aikin shida. Manaja kuwa layin nan kaɗai ya karanta. Ya tara su ya ce su fitar da mutum ɗaya da kansu kafin Juma'a, ko ya kawo ɗan kwangila da mutanensa.

Kwana biyu suka wuce ana ta aiki. Baba ya so ya tashi ya ce shi ne, amma tsoro ya hana shi. Yana sa ran za su ƙi gaba ɗaya, ba abin da ba su taɓa yi masa ba.

Ranar Alhamis da la'asar Dogo ya same shi yana cire safa. Sauran huɗun na tsaye a bayansa, kowa ido a ƙasa.

"Baba, mun yi magana."

"Ku nawa?"

"Dukanmu. Wallahi ba don ba ma son ka ba. Kowa da iyali."

"Ko mutum ɗaya bai ce a'a ba?"

Dogo ya juya ya tafi, sauran suka bi shi.

Da safe ƙafa ta kai Baba bakin sito ba tare da ya shirya ba. Mai gadi ya gaishe shi, amma bai buɗe ƙofa ba. Ta tsakanin ƙarafa ya hango an sauke babban gilashi daga mota. Dogo ya ba da murya, su biyar suka ɗaga, na gaba ya ɗan ja baya, na baya ya ɗan matso, gurbin ya rufe. Baba ya tsaya yana jiran ya ga ko ƙafar wani za ta yi tuntuɓe, ko gefe ɗaya zai karkata, ya ji kunyar kansa da wannan fatan. Suka wuce da shi sumul har cikin sito, sun ma fi sauri.