Batirin da ke bayan kujerar Inna

Saboda idon Inna na sayi mota. Likitan ido na Damagaram ya ce sai an riƙa kai ta duk wata ana aunawa, ita kuwa ta kai shekarun da in aka matse ta a taksi daga Magarya, sai ta kwana biyu tana jinyar kwankwaso. Ni ungozoma ce a matarniti, wato asibitin haihuwa na garinmu, na haura shekara ashirin a kan aikin. Na haɗa abin da na tara, maigidana ya cika mini, muka tafi wajen wani Alhaji ɗan'uwansa da ke kawo motoci daga bakin teku yana sayarwa a Damagaram.

A lokacin man Najeriya ya yi tsada, har masu sayar da esansi a kwalabe bakin hanya sun fara raguwa. Alhaji ya kai ni gaban wata mota mai ruwan toka ya ce, "Hajiya, wannan za ki ɗauka. Ibirid ce, rabi esansi rabi kuran, wato wutar lantarki. In kika cika ta yau, sai kin manta ranar da kika sha mai."

Ya danna maɓalli, ban ji komai ba. Na ce ta ƙi tashi ne? Ya yi dariya ya ce ai a tashe take. Ya ba ni takardar garanti mai tambarinsa, ya kuma nuna mini wani ɗan littafi na kamfanin da ya ƙera ta, inda aka rubuta shekaru masu yawa na garantin batiri. Na duba yawan shekarun, hankalina ya kwanta, na mayar da su akwatin gaba na rufe. Ni da nake faɗa da mata kullum a kan su karanta takardar magani, ban karanta tawa ba.

Wata tara motar ba ta ba ni ciwon kai ba. Ran da abin ya faru, cikin tsakiyar bazara ne, muna dawowa daga wajen likita wajen ƙarfe biyu na rana, Inna tana baya a gefen dama inda take zama kullum. Mun kusa Bande sai wata jar alama mai kusurwa uku ta kunna a gabana, wasu fitilu suka biyo ta. Injin da ba a jin motsinsa ya hau ruri kamar na niƙa. Na taka, motar ta ƙi ja. Amalanken shanu da na wuce ɗazu ya zo ya same mu ina lallaɓa ta zuwa gefen hanya. Na kashe, na sake dannawa, ta ƙi shiga giya gaba ɗaya.

"Mai ne ya ƙare?" in ji Inna.

"Akwai mai, Inna."

"To me ya same ta?"

Na fitar da Inna na zaunar da ita a inuwar wani gawo, na kira maigidana a waya. Shi ya samo mai a-kori-kura ya jawo mu zuwa Magarya.

Washegari aka tura motar garajin wani dattijo da ya gyara kusan kowace mota a garin. Na ce masa, "Baba, ina jin batiri ne, a canza shi." Ya auna ƙaramin batirin ya ce lafiyarsa ƙalau. Ya zagaya baya, ya ɗaga shimfiɗar but, ya leƙa bayan kujera, sai na ga ya ja da baya yana goge hannu a riga.

"Ƴata, zo ki gani. Kin ga wayoyin nan masu ruwan lemo? Batiri biyu ne da motarki. Wancan na yara ne, babban yana nan kwance, tsawonsa ya kai faɗin kujerar. Wutar da ke cikinsa tana kashe mutum a tsaye. Shekara arba'in ina wannan aiki, amma ba zan sa hannu a nan ba."

Na tsaya ina kallon akwatin ƙarfen. Wata tara kenan nake ɗora mahaifiyata a jikin abin da zai iya kashe mutum, ban ma san yana wurin ba.

Sai na tuna da garanti. Na kwaso takardun, na shiga taksi zuwa Damagaram da ƙarfin gwiwata. Na sami Alhaji a ƙarƙashin rumfarsa da baƙi biyu masu neman mota. Muka gaisa, na faɗa masa abin da ya faru, na miƙa masa takardarsa. Ya karɓa, ya sa yatsa a layi na uku.

"Hajiya, ke da kika yi lakkol, kika yi boko mai zurfi, karanta nan."

Na karanta. Wata uku, inji da akwatin giya kawai. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta ban da batiri kowane iri. Na ce to littafin kamfani fa? Ya buɗe shafin farko ya nuna mini ranar da aka fara sayar da motar a ƙasar da ta fito. Daga ranar ake ƙirgawa, ba daga ranar da na saya ba. Da na lissafa, garantin ya ƙare tun autata tana ajin farko a lakkol, ga shi yanzu ta shiga kwaleji. Ko da ma bai ƙare ba, a can ƙasar kaɗai yake aiki.

Abin da na faɗa bayan nan, har yau ina jin kunyarsa. Na ce ya san batirin a mace yake ya sayar mini, ya nuna mini littafin da ya san ba shi da amfani, ya cuci matar ɗan'uwansa. A gaban baƙinsa na faɗa, da murya sama. Ɗaya daga cikinsu ya miƙe ya sa takalmi ya tafi. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Allah ya sani ban san da wani aibu a cikinta ba. Amma ki kawo ta, akwai wani mutum a bayan tasha da ke duba irinsu."

Ba don na yarda da shi ba na kai ta, sai don ba ni da wani wurin. Mutumin mai matsakaicin shekaru ne, da can famfunan sola yake gyarawa, daga baya ya je Kano ya koyo aikin irin waɗannan motoci. Ya jona ordinatarsa, wato kwamfuta, a ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe yana kallo, sannan ya jawo mini benci.

"Madam, babban batirin ba ɗaya ba ne, ƙananan sassa ne aka jera kamar biredi a faranti. Huɗu daga ciki sun ƙone. Akwai sabo dal, sai an yi odarsa daga waje, ki jira wata biyu."

Ya faɗi kuɗin. Na ce da nauyi, amma a raina ina ganin in muka matsa za mu iya. Da yake a wurin aiki da faransanci muke lissafi, sai na maimaita masa adadin da faransanci don in tabbatar. Ya girgiza kai.

"A'a, Madam, da dala na faɗa miki, ba da tamma ba."

Wato sau biyar, don a lissafinmu na Hausa dala ɗaya tamma biyar ce, ni kuwa na ɗauka adadin tamma ya faɗa. Na riƙe bakin bencin. Kusan rabin kuɗin motar ne gaba ɗaya.

Ya ce akwai kuma na motar da ta yi haɗari, ana samu a Kano, amma sa'a ce, wani ya yi shekara uku wani wata uku. In kuma ina son mafi sauƙi, ya cire huɗun da suka ƙone ya sa wasu na hannu. "Sai dai in gaya miki gaskiya, sauran ma sun sha wuya. Yau kin gyara huɗu, gobe wasu biyu su biyo su. Amma bari in buɗe tukuna, don abin da ordinatar ke nuna mini zafi ne, kuma zafin ya wuce na bazara."

Ya sa safar roba mai kauri har gwiwar hannu, ya zare wani abu mai ruwan lemo, ya ce kowa ya matsa. Bayan ɗan lokaci ya cire kujerar baya. A gefen dama, daidai inda kafaɗar mai zama take, akwai wata ƴar taga mai raga da ban taɓa lura da ita ba. Ya ɓalle ragar, ya leƙa, ya ce, "Subhanallahi." Ya sa filaya ya jawo wani ƙyalle. Ya sake sawa ya jawo wani. Sai auduga, dunƙule bayan dunƙule, ta yi baƙi da ƙura, sai wani ƙyallen kuma. Ya tara su a kan murfin but har suka yi tudu.

"Nan ne hancin batirin," in ji shi. "Ta nan fanka ke jawo iska tana sanyaya shi. An toshe shi ruf. Ba sabo ba ne dama, amma da zai iya kai ki wasu shekaru. Dafa shi aka yi. Wa ya yi wannan aiki?"

Na ɗauki ƙyalle ɗaya na warware. Atamfa ce shuɗiya mai zanen ganye. Ni na saya wa Inna ita da albashina na farko, ta ɗaura ta har atamfar ta mutu, ta yayyaga tana ajiye guntayen a ƙarƙashin matashinta. Na koma kan bencin na zauna da ƙyallen a hannuna.

Da na isa gida bayan la'asar, na tarar da ita a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa da lalube. Na yi niyyar in yi shiru, amma bakina ya riga ni.

"Inna, akwai wani rami a gefen kujerarki cikin mota?"

"Ramin nan mai kuka? Ai na yi maganinsa tuntuni. Wani huci yake yi mini a kunne, na ce kar ɓera ko kunama su samu hanya. Da tsinken kitso na riƙa tura masa tsumma. Da na sa sai kukan ya ƙaru, na ƙara masa auduga. Me ya faru?"

Na gaya mata a hankali. Ta ajiye gyaɗar. Ta juyo da fuskarta wajena, idanun nan da ba sa gani sosai suka buɗe.

"Ni na kashe miki mota?"

"Ba ki sani ba, Inna. Ni ma ban sani ba."

"Ni na kashe ta," ta sake faɗa, a hankali wannan karon, kamar da kanta take magana.

Ba ta ci tuwo ba ranar. Bayan kwana biyu muka ji ta aika wajen makiyayin da ke riƙe mata saniyarta ɗaya tilo a wajen Waca, wai ya kai ta kasuwa. Maigidana ne ya hau babur ya je ya tsayar da maganar, ya dawo ya durƙusa gabanta ya ce in ta sayar da saniyar nan shi ta kunyata. Da ƙyar ta haƙura. Na yi da-na-sanin tambayarta fiye da yadda na yi na sayen motar.

Gyara mafi sauƙi na zaɓa, aka canza huɗun. Bayan wata biyar jar alamar ta dawo, kamar yadda mai gyaran ya faɗa. A karo na biyu aka samo mini batirin wata mota da ta yi haɗari, mai gyaran ya ba ni garantin wata shida a rubuce. Na karanta takardar a gabansa da ƙarfi, layi-layi, har ƙananan baƙaƙen, na sa ya ƙara da hannunsa cewa kuɗin aiki ma yana ciki. Shi nake amfani da shi har yanzu, ya shiga shekara ta biyu, ban san ranar da zai gaji ba.

Tun kafin gyaran farko na koma wajen Alhaji, ni da maigidana. Na jira har aka sami mutane a rumfar, don a gaban mutane na ci mutuncinsa. Na faɗi abin da aka gano, na ce na zalunce shi, ya yafe mini. Ya buɗe baki yana kallona.

"Rami a gefen kujera? Wallahi ni ma ban san amfaninsa ba. Na sayar da irinta sun kai shida."

Ya tashi a take ya buɗe wata da ke ajiye, ya leƙa, ya ɗauko waya ya fara kiran waɗanda suka saya ɗaya bayan ɗaya. Na uku da ya kira, wani ɗan kasuwa a Dungas, ya ce ai shi ya sa tela ya ɗinka wa kujerun riga ta rufe ko'ina. Alhaji ya ce masa ya fita yanzu-yanzu ya cire ta.

Ya ce ya yafe mini duniya da lahira, kuma na yarda har zuciyarsa ya faɗa. Amma maganata ta riga ta kai gidansa. Matarsa, wadda da can ba ta zuwa Magarya ba ta sauka wajena ba, yanzu in mun haɗu a biki sai gaisuwa, ta tambayi yara, ta wuce. Na aika mata da man gyaɗa sau biyu, ta aiko da godiya ta bakin direba.