Guntayen Ƙiryar Kawu Barau

Duk wanda ya san Kawu Barau masassaƙi a Gozaki ya san ba ya ɗora gizago a kan ice sai ya sansana shi. Ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, wani lokacin har ya lasa! Sannan ya girgiza kai ya ce, "Da saura." Shekara tara na yi a gabansa, abu ɗaya nake nema: in yi aiki ya duba ya ce ya yi.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma da gemuna na je masa, shekarar da fara ta cinye mana gero. Na ce, "Kawu, haɗa ƙyaure nake so in koya." Ya miƙo mini gizago ya ce, "Wasa shi." Kwana arba'in ina wasawa. Da na gaji na ce, "Haba Kawu, ai ko aski ya yi!" Ya ce, "To, je ka zama wanzami."

Tsimi kuwa, kun san halinsa. Matarsa Inna Kande ta taɓa zaro wasu guntayen ƙirya daga ƙarƙashin rumbu za ta hura wuta. Ya biyo ta har murhu ba takalmi.

"Mayar da su! Suna da mai su."

"Wane ne shi, Malam?"

"Bai shirya ba tukuna."

Muka yi ta dariya har da riƙe ciki.

A shekarata ta uku ya tafi Malumfashi ya jima, sai wani farke ya zo neman ƙyaure. Na ce yau za a san na iya. Na sare maɗaci ɗanye tsakiyar damina, na sassaƙe allo uku, na huda, na haɗa su da ƙusoshin ice. Tsaf, ko allura ba ta shiga! Rani na yi icen ya bushe ya ja jiki, tsaga ta buɗe tsakanin allunan, farken ya dawo da ƙyauren a kan jaki. Lokacin Kawu ya dawo, amma bai yi faɗa ba. Ya leƙo ta tsagar ya ce, "Sannu Iro, ina ganinka sarai." Ya kafa shi a ƙofar ɗakina, kullum na farka kunyata nake fara gani.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya sa na fito da guntayen ƙiryar nan. Sai a ranar na gane mai su. Itacen rufe kabarinsa ne, ya fi shekara ashirin yana busar da su.

Ya ce, "Daidaita bakinsu. Kada ka bar wa ƙasa hanyar zubo mini."

Kwana biyu ina yi. Na jera su a tabarma kusa da shi. Ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya yana neman tsaga. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na saba ji.

Ya ce, "Ya yi, Iro."

Wallahi ban yi murna ba. Na so ya ce da saura, ko ya ƙara kwana yana yi mini gyara. Washegari ya cika, bayan azahar ni na sauka kabarin na jera masa su, ko ƙwayar ƙasa ba ta wuce ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwancinsa, Ya sa ya huta. Amin.