Zabiya a Saman Kwano

Abokan aikinsa Tsuntsu suke ce masa, domin in ka neme shi a ƙasa ka rasa, kai kawai za ka ɗaga. Kafintan rufin kwano ne, kuma zabiya ne, abubuwa biyu da bai kamata su haɗu a jikin mutum ɗaya ba. Shi dai bai taɓa tsayawa ya yi wannan tunanin ba. Tsayawar ma ba ta cikin halinsa. A tsaye yake cin abinci, kuma kafin ka gama amsa gaisuwarsa ya sha kwana.

A ƙauye aka haife shi, gidan manoma. Innarsa ba ta taɓa jin sunan ciwon dajin fata ba, amma tana da ido, ta ga yadda bayansa ke yin jajir ya saɓule duk ranar da ya wuni a fili. Sai ta kafa masa doka: gona da sassafe, in hantsi ya yi zafi ya dawo inuwa, sai rana ta yi sanyi ya koma. Riga sai mai dogon hannu, malafa kuwa ba ya taka ƙofar gida ba tare da ita ba. Yayyensa suka riƙa kiransa manomin inuwa. Abin ya ci masa rai matuƙa. Bai tsani rana ba, lallaɓawar ya tsana, yadda kowa ke riƙe shi kamar ƙwai.

Shi ya sa da ya girma ya shigo birni, sai ya nemi aikin da ya fi kowane kusa da rana. A saman rufi tana dukanka daga sama, sabon kwano kuma yana watso maka ita daga ƙasa. Idonsa ba ya son haske, ba ya kuma gani da nisa, amma ya koyi bin igiya da laluben hannu, har ya zama babu mai jera kwano a miƙe kamarsa. Malafar tun makon farko ya yar da ita. Iska tana fizge ta a sama, a ƙasa kuma masu shaguna suna tambayarsa inda ya baro shanunsa. Ya sayi hular hana-sallah, ta rufe masa goshi, ta bar kunnuwa da ƙeya a fili.

A yi wa birni adalci, bai hana shi komai ba. Akwai asibitin da ke ba zabiya man kariya daga rana kyauta, kuma yana zuwa karɓa. Sai dai bayan an raba akwai bayani, bayani kuwa sai an zauna a benci, Tsuntsu kuma ba ya zama. Yana karɓar robarsa yake ficewa. Mai dai ya san yadda ake shafa shi tun yana ƙarami: bayan wanka. Da safe ba zai shafa ba, kada guduma ta suɓuce masa, sai ya tashi daga aiki da yamma ya yi wanka ya mulke jikinsa tas. Shekara huɗu bawan Allah yana kare fatarsa daga fitilar ɗaki.

Matarsa ce ta fara lura da kunnen. Wani ɗan miki ne a saman na dama, ya yi ɓawo, ya fashe, ya yi kamar zai warke, ya dawo. Ya ce kwano ne ya karce shi. Ta ce wane irin kwano ne yake karce wuri ɗaya wata uku. Da magana ta ƙi ci, sai ta kulle masa akwatin kayan aiki ta saka makullin a zaninta, ta ce asibiti ko a wuni a gida ana kallon juna. Wuni a gida ya fi ba shi tsoro, ya bi ta.

Likitar ta yanki ɗan nama ta ce a dawo bayan kwana goma. A kwana goman nan babu ƙofar da bai cire ya mayar ba a gidan, har waɗanda lafiyarsu lau. Da suka koma ta faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: ciwon daji ne, amma an zo da wuri, za a cire saman kunnen. Ta tambaye shi yadda yake shafa man, ya faɗa mata da alfaharinsa cewa ko rana ɗaya bai taɓa tsallakewa ba. Ta ajiye biro. Sannan ta yi masa bayanin da ya gudu ya bari shekara huɗu: kafin a fita ake shafawa, a sake in an yi gumi, kuma man kaɗai ba zai ishi mai wuni a kan kwano ba. Daga ƙarfe goma zuwa huɗu kada rana ta gan shi.

"Likita, ai lokacin aikin ke nan gaba ɗayansa."

"Na sani," in ji ta. "Wannan karon kunne ne. Na gaba ban san inda zai fito ba, ban kuma san ko zan iya cire shi ba."

A nan tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji a saman bene ba.

Bayan an yi masa aikin kunnen ya warke, ya kafa rumfa a tsakar gida yana yin ƙofofi da tagogi. Suna da kyau, ana saye. Amma inuwa ta dame shi. Ya yi goge-goge kaɗan, ya leƙa titi, ya dawo, ya yi wa yara faɗan da ba dalili.

Wata safiya tsohon maigidansa na aiki ya zo da magana: wani babban rufi ne, damina ta ƙarato, masu yi sun karkata layi, kwana uku kacal ake roƙo. Tsuntsu bai ko kalli matarsa ba. Ya ɗauko tsaninsa daga bayan ɗaki, ya saɓa a kafaɗa, har ya kai bakin ƙofa. Matar tana wanki, ba ta ɗaga murya ba.

"Baban yara, ba zan hana ka ba. Amma ka tsaya ka faɗa mini abin da zan ce wa yaran in ciwon ya dawo."

Ya sauke tsanin daga kafaɗa. Ya ba maigidan haƙuri, mutumin ya tafi. Shi kuwa ya san kansa sarai, ya san in tsanin yana gidan, gobe ko jibi sai ya hau. Ya kwantar da shi a ƙasa ya ɗauko zarto. Tsanin da ya yi da hannunsa, ya hau shekara goma sha ɗaya, ya yanka shi gunduwa-gunduwa yana share ido da bayan hannu, ya ce ƙurar katako ce.

Yana nan da ransa, kunne ɗaya da rabi, yana ƙofofinsa. Amma in aka fara buga kwano a unguwar, ko da daga nesa ne, sai hannunsa ya tsaya cak. Ya karkata kai ya saurara, ya ce a hankali, "Waccan ƙusar ba ta sami katako ba."