Ban Jira Sakamako Ba

Babanmu bai iya jira ba. A Gangara, da hadari ya haɗu gabas, kafin ɗigo ɗaya ya faɗo ya fid da irin gero daga rumbu. Wata shekara sau uku muka yi shuka, biyu rana ta ƙone. Inna takan ce, "Malam, a bari ƙasa ta jiƙa mana." Sai ya ce, "Ku dai tashi," ya saɓa sungumi ya yi gaba. Ni ce nake fara bin sa, tun ban gama ɗaura zani ba.

Da na shiga kolej a Tanut na yi ƙawa, 'yar wani maɗinki. Ita takan yi awa guda tana warware zaren da ya cukurkuɗe, ba ta tsinka shi. In muna karatu ƙarƙashin itacen bedi na miƙe, sai ta riƙe mini gefen zani.

"Ina kuma za ki?"

"Ban sani ba."

"To zauna har ki sani."

Shekara huɗu tana zaunar da ni, kuma albarkacinta na iya lissafi.

Da muka gama jarrabawar ƙarshe aka ce a jira sakamako. Ƙawata ta tafi biki ƙauyensu, na rasa mai riƙe ni. Kwana shida ina kai da kawowa tsakanin gidan da nake zaune da ƙofar lakwal, wato makarantarmu. A na bakwai na gaya wa kaina na faɗi. Na ɗaure kayana, na hau mota zuwa Damagaram wurin goggona, na shiga taya ta sayar da fura.

Bayan sati biyu sai ga ƙawata a ƙofar gida, ƙafafunta duk ƙura.

"Kin ci," ta ce. "An kira sunanki sau biyu, ba wanda ya amsa. Na ji miki kunya."

Ta sa ni gaba muka koma.

Yanzu ina koyarwa a Belbeji, makarantata ta huɗu ke nan. Ba wanda ya taɓa korata. Yaran suna sona, gidan da aka ba ni ba ya yoyo. Duk da haka tun watan jiya takardar neman canjin wuri na cikin jakata, na cike ta kaf, sa hannu kawai ya rage. Jiya na fiddo ta a ofishin darakta, sai aka buga ƙararrawa, na mayar na shiga aji.