Gwangwanin Hajjo

Wata Alhamis, a kakar shekarar da nake aji huɗu a Ɗanzomo, na koma makaranta bayan la'asar ni kaɗai, da guntun gawayi a hannuna. Gwangwanayen madara suna jere a gindin tagar ofishin hedimasta, kowanne da sunan mai shi. A ciki muka dasa fulawar da Malam Sabo ya kawo mana daga Gumel, wata 'yar gajera mai ganye kauri-kauri cike da ruwa. Ƙarfe-goma muke ce mata, don sai da hantsi take buɗe jajayen furanninta. Malam ya ce washegari zai duba: wadda ta fi kyau za ta hau teburin hedimasta, wanda tasa ta mutu kuma ya sha bulala.

To ni tawa ta ruɓe. A garinmu, inda sai guga ya yi nisa kafin ya taɓa ruwa, abin da kake so shi kake shayarwa, don haka safe da yamma nake kwarara mata daga randar Inna. Hajjo kuwa, 'yar rugar bayan gari da muke benci ɗaya, sai ta gama tatsa take zuwa a makare, ba kullum take tunawa da tata ba, amma ga ta nan ta cika gwangwani har tana zubowa. Haushi ya ci ni. Na tofa yawu, na goge sunanta da bakin zanena, na rubuta nawa, na mayar da sunanta kan ruɓaɓɓiyar tawa.

Da safe Malam ya kira Hajjo malalaciya a gaban aji, ya zuba mata uku a tafin hannu. Ba ta yi kuka ba. Gwangwaninta yana da lotsawa inda saniya ta taɓa takawa, kuma ta gan shi a hannuna. Da aka fita tara ta nufo ni, na ce a raina yau asirina ya tonu. Sai ta ce a hankali, "Binta, kar ki ba ta ruwa da yawa, ba ta so." Wallahi da marina ta yi da ya fi min sauƙi.

Da rani ya shigo su Hajjo suka tashi da shanunsu, ban ce mata ta yafe ni ba. Yanzu a Gumel fulawa ba abin wahala ba ce, a bakin titi ma ana sayarwa. Ni dai ranar kasuwa wajen masu nono nake tsayawa, ina duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Har yau ban gan ta ba, kuma har yau kunyarta nake ji.