Ranar da Kek ɗin Lantana Ya Tashi

Duk macen da ta taɓa gasa kek ta san addu'ar da ake yi kafin a ɗaga marfin tukunya: Allah Ya sa ya tashi. Lantana ita kaɗai ce a Bungudu da ta ɗaga marfi, ta ga kek ya tashi fam, gabanta ya yanke ya faɗi.

'Yar Tsafe ce. Uwarta mai waina ce a bakin tasha, don haka tun tana shekara tara hannunta ya san zafin tanda, hancinta ya san ƙullin da ya yi da wanda bai yi ba. Aure ya kawo ta Bungudu gidan Malam Rabi'u, ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma, gida ɗaya da mahaifiyarsa da kowa ke kira Iya. Ta haifi maza uku lafiya lau, sannan auta, Muzdalifa.

Daga yaye labari ya sha bamban. Cikin yarinya ya kumbura kamar ganga, ƙafafu kamar sillen kara, gudawa ba dare ba rana. Aka ce haƙori ne. Haƙora suka gama fitowa, aka ce shawara ce. Ba jiƙon da ba a ɗura mata ba. Iya da kanta ta sha hawa mota zuwa ƙauyensu, Furfuri, ta dawo da kindirmo a ƙwarya don jikarta ta yi kumari, abin sai gaba yake yi. Sai da yarinya ta shekara tara wata likita a Gusau, bayan gwaji kan gwaji, ta gano cewa alkama ce cikinta ba ya so. Burodi, taliya, cincin, fanke, duk wani abu da fulawa ta shiga. Ga shi hanjin ya riga ya ji jiki, madara ma ba ya ɗauka.

"Likita, ko ɗan kaɗan?" in ji Lantana.

"Ko wanda ya maƙale a jikin cokali."

Cikin wata uku yarinya ta murmure, har ana tambaya ko canza ta aka yi. Amma wata rana a gidan suna Lantana ta hangi 'yarta tsaye gefe, yara na rabon kek. Ba ta yi kuka ba, ba ta miƙa hannu ba. Juya baya kawai ta yi, tana tsintar zaren mayafinta. Abin da ya tsaya wa Lantana a rai ke nan.

Ta shiga gwaji. Na farko ya fito kamar tubali, kaji ma sai da suka yi shawara. Na biyu ya zube kamar fate. Sai da ta ɓata wajen wata shida kafin ta kama bakin zaren: garin shinkafa, ɗan garin rogo, ayaba wadda ta nuna luguf, ƙwai, man gyaɗa, sukari, bekin hoda, sai ruwan aya a madadin madara. Ta zuba a gwangwanayen tumatir, ta jera kan yashi cikin babbar tukunya, garwashi ƙasa, garwashi bisa marfi. Ba ya tashi can-can, kuma da an gutsura sai ya marmashe a hannu. Muzdalifa kuwa har marmashin take lashewa.

Tun daga nan Lantana ta zama mai dokoki. Robarta daban, rariyarta daban, muciyarta da jan zare a wuya. Shinkafa ita ke wankewa, ta shanya, ta kai inji da ƙafarta, ta tsaya a kan mai inji sai ya rantse ba a niƙa alkama ranar ba.

To, bana Muzdalifa na ajin ƙarshe a wata makarantar kwana a Gusau, kuma an shiga jarrabawar fita. Karin kumallon makaranta burodi ne da shayi mai madara, don haka kek ɗin uwarta shi ne abincinta na safe. Ranar Asabar kaɗai ake karɓar saƙo, ƙarfe huɗu a rufe ƙofa. Ranar Litinin lissafi za su rubuta. Bara wata ƙawarta ta ba ta cincin ƙwaya biyu, ta yi kwana huɗu a kwance ana ƙara mata ruwa. Idan haka ta faru wannan makon, sai baɗi.

Ranar Asabar ɗin da hantsi Lantana ta auna gari daga bokiti, ta tankaɗe a roba, ta leƙa gidan maƙwabciyarta Hanatu karɓo ƙwai. Ta dawo ta kwaɓa. Ƙullin ya ɗara na kullum, ya cika gwangwani ashirin da takwas maimakon ashirin da biyu, ta ce ƙila ayabar ce manya.

Wajen sha biyu ta ɗaga marfi, daidai lokacin da Hanatu ta shigo ɗibar wuta.

"La ilaha! Maman Muzdalifa, yau kuma wa kika yi wa sadaka da asuba? Dubi kai, har ya tsage! Wallahi kamar na shago. Yau dai 'yarki za ta ɗaga kai a cikin ƙawaye."

 Lantana ta zare guda da tsumma, ta raba shi biyu. Bai marmashe ba. Sai da ta ɗan ja kafin ya rabu, kuma da ta danna shi da yatsa ya dawo.

Akwai ɗan busasshen gari da takan ware daga robar don barbaɗa wa gwangwani. Ta yayyafa masa ruwa, ta murza ya zama curi, ta tsoma a kofi tana wankewa a hankali. Garin shinkafa ya bi ruwa. Tsakanin yatsunta wani ɗan abu ya rage, kamar cingam ɗin da aka tauna.

"Lafiya?" in ji Hanatu.

"Kwashe su duka ki kai wa yaranki. Kar ki bar min ko ɗaya a gidan nan."

Ta buɗe bokiti. Saura abin da bai fi na gwangwani goma ko sha ɗaya ba. Ta yi masa irin gwajin can, ba ta ga danƙo ba, amma hankalinta bai kwanta ba, don ɗan kaɗan ba ya nunawa a yatsa, a cikin Muzdalifa yake nunawa. Idan daga inji ne, ko wani ya zuba a bokitin, shi ke nan, don sabon gari sai an wuni ana shanya. Idan a roba kaɗai aka zuba, akwai sauran dama. Su uku ne kuma a gidan: ita, Malam da Iya.

Ta sami Malam Rabi'u yana goge takalmi.

"Malam, ka taɓa min roba?"

"Ni da robarki? Ina son zaman lafiya."

"Akwai alkama a cikin kek ɗin."

Ya ajiye takalmin. Idonsa ya tafi ƙofar ɗakin Iya ya dawo da sauri. Shekaranjiya ƙanwarsa ta zo daga Gusau, ta kawo wa tsohuwa tsaraba, har da ledar semo.

"Kar ki soma," in ji shi ƙasa-ƙasa.

"To je ka tambaye ta kai."

"In ce mata me? Iya, ke kika zuba wa jikarki cuta? Tsohuwar da sau nawa tana hawa mota saboda yarinyar nan?"

"Ba wanda ya ce cuta. A ina ta zuba, shi kaɗai nake son ji."

"Ki yi da na bokitin kawai. Ko in saya mata ayaba da dabino a tasha."

"Mako guda cur, ayaba da dabino, mutum na rubuta jarrabawa? Na bokitin kuma, in ta kwanta, kai za ka rubuta mata lissafin?"

 Ya duba agogo, sha biyu da rabi. Gashi kaɗai sa'a ɗaya da rabi ne, ga jiran mota ta cika, ga shi ba mai son yamma ta yi masa a hanya a wannan zamanin.

Shekara ashirin da shida Lantana na gidan nan. Ba ta taɓa cin abinci a gaban Iya ba, ba ta taɓa haɗa ido da ita ba, tambayar da ta wuce ta kwana da gajiya ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba. Ta cire takalmi, ta yi sallama, ta durƙusa daga bakin ƙofa. 

"Iya, kek ya fito."

"Na ji ƙamshi tun ɗazu," in ji Iya, tana jan carbi, bakinta da murmushi. "Ya yi auki ko?"

"Ya yi auki, Iya."

"Awo. Albarka ce. Bari ƙawata Muzdalifa ta samu na ba mutane, kada a ce mata marowaciya."

Lantana ta sunkuyar da kai har haɓarta na taɓa ƙirji. Daga tsakar gida ta ji Malam ya yi gyaran murya, irin ta a bar maganar.

"Iya, ki yi min aikin gafara. A roba kika zuba, ko a bokiti?"

Carbin ya tsaya.

"Mi kika ce?"

"A roba, ko a bokiti?"

"Yau ni aka titsiye cikin ɗakina? Kai, wanda ke tsaye nan waje, kana ji?" Ba ta kiran sunan ɗanta na fari. "To bari ki ji. Na san fulawa, ban haukace ba. Ba fulawa na sa ba. Semo ne, na tuwo. Na bakina na hana kaina na ba ta."

"Iya, semo alkama ce."

"Alkama ja ce! Na nome ta da hannuna a fadama tun ba a haife ki ba."

 Tambayar da Lantana ta yi ma ta fi ƙarfin bakinta. Sai ga Malam ya shigo, bai kalli kowa ba, ya ɗauko ledar daga bayan ƙofa ya durƙusa ya miƙa wa uwarsa. Iya ba ta karatun boko, amma hoton da ke jiki ba ya bukatar karatu. Ta kai shi kusa da ido. Zangarniya ce, irin wadda ta nome a fadama.

Ta daɗe tana kallo. Can ta ajiye ledar a hankali, kamar mai ajiye abin da zai iya sara.

"Roba," in ji ta.

"Da wane mudu, Iya?"

"Da hannuna. Cikin tafi huɗu."

"Bokitin fa, kin taɓa shi?"

"Na ɗaga marfi."

Lantana ta ɗan matso. "Kafin ki ɗebo semon, ko bayan?"

Iya ta rufe ido. Leɓɓanta na motsi, tana bin sawun kanta: ta fito alwala, ta ga roba, ta ga gari ɗan mitsitsi. Malam ya sake duba agogo, ya ɓoye hannun a aljihu.

"Kafin," in ji Iya. "Na leƙa in ƙara mata daga can, na iske ya yi ƙasa, na rufe. Shi ya sa na zo na ɗauko nawa. Ban koma ba." Ta buɗe ido, a karo na farko ta dubi surukarta sosai. "Tashi mana! Mi kike jira?"

Lantana ta tashi da gudu. Roba, muciya, gwangwanaye, duk sun taɓa ƙullin farko, sai da ta dirje su da toka da sabulu, ruwa uku-uku. Ayaba ta ƙare, Hanatu ta miƙo biyu ta kan katanga. Ruwan aya saura rabin kofi, ta yi maneji. Malam Rabi'u, wanda bai taɓa hura wuta a gidan ba, ya tsuguna da mafici yana fifita garwashi, toka na sauka kan hularsa. Iya ta saki labule, ba a ƙara jin motsinta ba.

Ƙarfe uku saura kwata Lantana ta ɗaga marfi. Guda goma sha ɗaya, gajeru, kawunansu a shafe, biyu sun ƙone ta gefe. Ta gutsuri bakin ɗaya, ya zube mata a tafi.

"Alhamdu lillahi. Ɗauki, Malam, tafi."

"Ke fa?"

"Ka gan ni kamar wadda ta fito daga murhu? Mota ba za ta jira wankana ba. Tafi!"

Ya naɗe su da zafinsu a tawul ya fita. Ita kuwa da ta kwana bakwai tana ɗokin ganin 'yarta, ta zauna kan turmi da waya a cinya. Uku da rabi. Huɗu saura kwata. Aka kira la'asar, ta yi salla ta dawo kan turmin. Ta kira layin Malam sau biyu, ba ya shiga. Abincin da ta ajiye wa Iya a bakin ƙofa na nan a rufe.

Huɗu da minti goma wayar ta yi ƙara.

"Mai gadi na jan ƙofa na sa ƙafa," in ji Malam, yana haki. "Ga ta."

"Umma!" Muryar Muzdalifa ce, bakinta a cike. "Me ya sa ba ki zo ba? Kuma sha ɗaya kacal? Wallahi yau sun fi na kullum muni."

"Ki ci biyu gobe, biyu ranar Litinin, sauran ki riƙa ja. Kar ki karɓi komai a hannun kowa, kin ji ni?"

"Na ji. Sauran fa, ina suka tafi?"

Lantana ta dubi labulen. "Garwashi ne ya fi ƙarfina, suka ƙone."

"Ƙarya take yi," in ji Iya daga cikin ɗaki. "Miƙo min ita nan."

Lantana ta durƙusa, ta tura wayar ta ƙarƙashin labule da hannu biyu, ta koma can bakin murhu inda ba za ta ji abin da kaka za ta faɗa wa jika ba.

Ranar Litinin Muzdalifa ta shiga ɗakin jarrabawa da ƙafafunta, ta fito da ƙafafunta. Sakamako bai fito ba tukuna.