Ranar da man zurma ya tada injin niƙa a Kunduru

Zurma a wurinmu ciyawar bayan gida ce, ko akuya ba ta kallonta. Shekarar da man gas ya yi wuya, injin niƙan wana a Kunduru ya yi kwanaki a kwance, mata suka koma turmi. Sai 'yata ta fari, wadda ke karatun sinadarai, ta dawo hutu ta ce zurmar nan za ta iya tada shi.

Wana ya ce, "Injin nan shi ne ci da shan gidana. Ke da ubanki ku je ku gwada da naku."

Ba mu da injin, amma muka fara. Muka tara 'ya'yan zurma, uwar yarinyar ta soya ta matse yadda take yi wa gyaɗa. Tunkuzar kuwa 'yata ta sa aka binne, don guba ce ga dabba. Ta ɗumama man, ta zuba sodar sabulu da wani sinadari mai warin sifirit, ta yi ta juyawa. Da ya kwanta sai ya rabu biyu: baƙi a ƙasa, garai-garai a sama. Ta tsiyaye na saman, ta wanke shi da ruwan ɗumi. Ni dai tasbihi kawai nake yi, ban taɓa ganin an wanke mai ba.

Wana ya zo ya murza shi a yatsa. "Wannan ai zuma ce. In ya toshe mini famfon inji, wa zai gyara?"

Abin da 'yata za ta auna kaurin man da shi kuwa yana can makaranta. Nan na tuna tawada. Tun ina rubutun ajami nake gane kaurinta da alƙalami: ƙaro ya yi yawa, ba ta gudu, sai an sirka. Na ɗauko sabon alƙalamin kara da allo, na jingina allon. Na ɗiga ɗanyen man zurma da ba a sa wa sinadari ba, ya tsaya yana tunani. Na ɗiga gas ɗin da ya rage a galan ɗin wana, ya zuro da gudu. Namu ya biyo a tsakiya.

Na ce, "A sirka shi da gas."

Ta yi tsalle. "Baba, wallahi haka yake a littafi!"

Muka riƙa sirkawa ina ɗigawa, har ɗigon namu ya kusa kamo na gas. Wana ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Malam, in ya mutu, kai za ka riƙa daka wa matan gari."

Ya zuba da bisimilla, ya juya hannun injin. Injin ya yi tari sau biyu, ya kama! Hayaƙin har ƙamshin suya yake. Kafin mu gama hamdala wata maƙwabciya ta iso da ƙwaryar gero.

Wana ya ɗaga murya saboda ƙara: "'Yar nan, zurmar bayan gidana kada kowa ya sare ta!"